Kaset Bakwai, Bene Ɗaya Tsakaninmu

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba ƙaramin wawa ba kuwa. Wawa mai furfura da tabarau, wanda ya zauna ya yi bincike, ya auna hujjoji, ya yanke hukunci, har yana ganin ya gano abin da masu kiɗan da kansu ba su gano ba.

Da ƙuruciyata na zo Alƙahira karatu. Na kuwa yi, daidai gwargwado, har nahawu ya tare ni a hanya. Muka kama kokawa, ya kayar da ni, na tashi na kakkaɓe riga, ya sake kayar da ni, har masu ɗaukar nauyin karatun suka gaji da kallo suka watse. Kunyar komawa Kano hannu rabbana ta sa na ce bari in ɗan ƙara shekara ɗaya. Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba. Na yi guga, na yi wa masu zuwa asibiti daga gida tafinta, daga baya na samu tuƙi a gidan wani Bature injiniya a unguwar Ma'adi, na daɗe a wurinsa.

Baturen nan mutum ne mai sanyin hali, ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Amma da ya shiga mota sai ya cusa kaset na wasu 'yan ƙasarsu masu gashi har gadon baya, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Ya ce mini a harshensu sunan irin wannan kiɗa ƙarfe mai nauyi. Na ce, “Ranka ya daɗe, wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba.” In kana so ka san yadda yake, ka tara maƙera a ɗaki ɗaya, ka haɗa su da masu sayar da gas na Alƙahira da suke dukan tukunyar gas da sifana, sannan ka taka wutsiyar kyanwa a tsakiyarsu. Kyanwar nan ita ce mawaƙin.

Da zai koma ƙasarsu ya bar mini rikodarsa, da sifiku biyu kowacce ta kai akwatin lefe, da kaset bakwai na ƙungiyar da ya fi so. Matata ta duba hotunan da ke jikinsu ta yi a'uziyya, ta ce in dai tana numfashi ba za a kunna wannan abu a ɗakinta ba. Ta lulluɓe sifikun da mayafin tebur, ta jera musu kwanukan tangaran a ka. Ta kuwa cika maganarta. Tana numfashi ba a kunna ba.

Lokacin da take raye gidanmu na unguwar Ainu Shams bai rasa baƙi. Ɗalibai 'yan gida sukan taso daga Abbasiya ranar Alhamis don tuwonta da miyar kuka, su cika ɗakin da musu a kan mas'aloli, ni kuma in riƙa jefa musu baki da ragowar karatuna. Na ɗauka hirata suke zuwa ji. Bayan an yi sadakar arba'in na gane miyar ce. Ba na ganin laifinsu, yara ne masu jarrabawa. 'Yata tana aure a Kaduna, takan kira ranar Juma'a, rabin wayar “Baba kana ji na?” ne. A hawa na biyar nake, ginin ba lif. Burodi da wake kuwa, kwando nake zurawa da igiya daga baranda kamar kowa, mai shago ya zuba, in jawo. Sai mutum ya kwana ya wuni bai buɗe baki ba in ba salla ba.

Wata rana bayan la'asar ina zaune, na ji ina ba firij amsa. Ya yi ƙara, na ce masa “na'am.” A nan na tashi na sauke kwanukan tangaran ɗaya bayan ɗaya, na ce wa mai su ta yi haƙuri, na yaye mayafin, na ɗauki kaset ɗin da hannuna ya fara taɓawa na cusa. Ba don ina son kiɗan ba. So nake wani abu ya yi ihu a ɗakin nan wanda ba ni ba.

Waƙar farko ba ta ƙare ba aka fara dukan ƙofa da sanda. Na buɗe na ga wani dogon tsoho baƙi, da jallabiya fara da hula a karkace, yana haki. Ya zazzaga mini Larabcin Sudan, “Ya zol! Ya zol!” wato “kai mutum,” yana nuna ƙasa da sandarsa, wai shi ne a ƙarƙashina, rufin ɗakinsa zai faɗo masa. Na ce ma'alish, wato ya yi haƙuri. Ya juya zai tafi, sai na ji ya ce a ƙasan maƙoshi, “Kai, wannan ɗan banza zai kashe ni.”

Na ce, “Wa kake ce wa ɗan banza?”

Ya tsaya cak. Ni ma na tsaya. A bayana Bature yana ta kururuwa.

“Kai Bahaushe ne?”

“Da me na yi kama, Baturke?”

Ya ce a Sudan aka haife shi, faɗan da ya ɓarke can ne ya koro su, yana zaune da 'yarsa da mijinta. Kakansa ne ya taso daga Zariya a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a hanya ya ɗan huta.

Na ce, “Har yanzu yana hutawa?”

“Kai daga ina?”

“Kano.”

Ya ɗaga ido sama ya tafa hannu. “La'ilaha illallahu. Ashe bawana ne ya hau kaina yana rawa.”

Na ce, “Bazazzagi, shigo ka gai da ubangidanka.”

Ya shigo. Na kashe kiɗan, na dafa shayi, ya kurɓa ya ce ko ruwan wanke kofin jabana, gahawarsu ta Sudan, ya fi wannan kauri, ya miƙo kofin a ƙara. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda rabona da ji tun bakin kakata, an yayyafa mata Larabci kamar barkono. Bai tafi ba sai da aka kira magariba. Da na rufe ƙofa na ga kujerar matata ta lotsa a inda ya zauna, na daɗe ban gyara ta ba.

Washegari na dafa shayi na mutum biyu. Bai zo ba. Jibi ma haka. Rana ta gaba na dubi rikoda, rikoda ta dube ni. Na cusa kaset ɗin nan. Kafin ruwa ya tafasa sai ga sanda a ƙofa.

Daga nan ilimi ya buɗe mini. Na ce ashe kowane kaset da aikinsa, kuma wajibi ne a kan mai hankali ya san darajojinsu. Na jera su a bakin taga daga dama zuwa hagu, yadda ake karatu na gaskiya. Sunayensu na Turanci ban wahalar da kaina ba, da hoton da ke jiki nake kiran kowanne. Na ji an ce a ƙasarsu akwai masu rubuta dogayen bayanai a kan wanne ya fi wanne, har a yi gaba. Allah sarki. Su da kunne suke aunawa. Ni ma'aunina ƙofa ce: wa zai buga ta, da wane irin fushi, kuma zai zauna ko ba zai zauna ba.

Na ɗaya, ba tare da saɓani ba, Mai Ungulu. Wata ungulu ce ta ƙarfe a tsaye a kan rufin motar haya. Wannan ba ya sallama, da ganga yake farawa, mai gangar kamar yana da ƙafafu huɗu kuma ana binsa da gudu. Falalarsa ita ce ƙararsa ƙasa take bi. Takan ratsa tayil ta sauka, fankar Bazazzagi ta kama lilo. Yakan iso da fushinsa da zafinsa kamar burodin da aka ciro yanzu, fushi mai kai mutum har magariba. Duk hirarrakinmu masu daɗi a bayan Mai Ungulu aka yi su. A bayansa ya ba ni labarin gonarsu ta bakin kogi, da yadda suka baro gida da tukunya a kan wuta suna cewa jibi za su dawo. Na ce masa kada ya damu, mu dangin jibi muna da yawa a garin nan.

Na biyu Mai Tukunya, wata tukunya ce tana tafasa da kusoshi. Baturena ya sha gaya mini cewa malamansu sun haɗu a kan wannan ne ya fi duka. Ina girmama malamai, amma a nan sun yi kuskure. Kaset ne mai yaudara. Yakan fara da jita siririya kamar sauro a kunne, ya yi ta jan rai, har Bazazzagi ya gyangyaɗa a ƙasa. Kafin abin ya fashe yamma ta yi nisa, sai ya hawo da ido a kumbure, ya zage ni sama-sama, ya sha kofi ɗaya ya tafi. Wanda ya kawo maka rabin baƙo ba za a haɗa shi da wanda ya kawo cikakke ba.

Na uku Mai Kura, kura ce sanye da kwat tana dariya. Ƙara kam yana da ita, sai dai tsinin murya ne, ba ya bin ƙasa, ta taga yake fita ya faɗa ramin iskar da ke tsakiyar gini. Shi wata Bamisiriya da tagar kicin ɗinta ke kallon tawa yake tasowa. Ta leƙo da ludayi ta ce, “Haram alek ya Hagg!” Wato in ji tsoron Allah, Alhaji. Na sa shi na uku saboda dalili biyu. Na farko, ita kaɗai ce a duniya take kirana Alhaji alhali ban je ba. Na biyu, wani lokaci ihunta ne yake taso Bazazzagi, ya hawo ya ji ko an kashe ni. Hujja ce mai rauni, amma ana aiki da ita.

Sauran huɗun na san matsayinsu, amma ban cika taɓa su don kiran baƙo ba. Za mu zo kansu.

Na gaya wa Bazazzagi cewa na jera su bisa daraja, ban dai gaya masa ma'aunin ba. Ya sa tabarau ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “To wanne ya fi?”

Na nuna Mai Ungulu.

“Ni a wurina wanda ya fi shi ne wanda zai fi saurin nutsewa in an jefa a kogin Nilu.”

“Jahilci dai. Wa ya taɓa jin Bazazzagi ya san kiɗa?”

“Wa ya taɓa jin Bakano ya san kunya? Tsofai-tsofai da kai, ƙafa ɗaya a kabari, kana sauraron aljanu suna faɗa a kan gado.”

“Gado na kwanciya ko na mamaci?”

“Duka biyun. Zuba mini shayi.”

Haka muka yi ta yi, zafi ya wuce, sanyi ya shigo, wani zafin ya dawo. Ba kullum nake kunnawa ba, ina da tsari. Ba na kunnawa lokacin salla, ba na kunnawa ranar Juma'a, kuma nakan bar kwana biyu tsakani don kada fushinsa ya saba ya dushe. Na lura in ya iso yakan daɗe a bakin ƙofa yana riƙe da bango kafin ya samu numfashin zagina. In ya zauna sai ya yi ta murza gwiwa. Nakan ce, “Bene ɗaya tal, kana haki kamar ka hau Dala.” Ya ce in jira, nawa yana tafe.

Ya sha cewa, “Sauko mana gobe. 'Yata tana tuƙa asida, tuwonmu na Sudan, ka ci abincin mutane ko ka yi kyan gani.”

Ni kuma amsata ɗaya ce: “Ina aka taɓa yi, ubangida ya je gidan bawa? An ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafar Bazazzagi ake nufi.”

Mukan yi dariya a wuce wurin. Abin da ban faɗa ba shi ne, gidansa gida ne mai mutane. Nakan ji su ta ƙasa, ana kiran juna, ana jan kujera, ana dariya a kan abin da ban sani ba. In na sauka, zan zama tsohon nan na sama da ba shi da kowa, a ba shi abinci don Allah, a jira ya tafi. Amma wanda ya hawo ya yi maka faɗa, ba taimakonka ya zo yi ba. Kai ne ma mai laifi, kuma mai laifi yana da daraja, ana zuwa wurinsa takanas. Ranar Juma'a nakan wuce ƙofarsu in zan tafi masallaci a Abbasiya, inda nake zuwa don in ji yara suna Hausa a bakin titi. Nakan rage sauri a wurin, in ji ƙamshin turaren wuta, in wuce.

Ya taɓa ce mini surukinsa yana neman takardun tafiya wata ƙasa, in sun fito ba za su yi mako ba. 'Yan Sudan da ke unguwar haka suke ɓacewa, yau ka ga shanya a baranda, gobe ka ga igiya kawai. Na ce, “Allah ya sa su fito in huta.” Ya ce amin.

A tsakiyar sanyin bana, wata Talata, na cusa Mai Ungulu na ɗora ruwa. Waƙar farko ta ƙare. Ta biyu ta ƙare. Gefe guda ya ƙare, rikoda ta yi ƙas. Na juya kaset. Shayi ya huce, na zubar da kofi ɗaya a cikin tukunyar da na shuka na'ana'a.

Abin da mai hankali zai yi a nan kowa ya sani. Ni kuwa na ce laifin na'ura ne. Na samo auduga da turare na goge kan rikoda. Washegari na sake sa Mai Ungulu, shiru. Na kwantar da sifika ɗaya rubda ciki a kan tayil, na zauna a kanta don ƙarar ta nutse sosai, har haƙorana na roba suna kaɗawa. Aka buga ƙofa. Na tashi da sauri har na yi tuntuɓe da waya. Mai gadin gini ne, ya ce mutane suna ƙorafi, mai gida ya ji. Maganar tana kan harshena in ce, “Tsohon nan na ƙasa fa, suna nan?” Na haɗiye ta. In na tambaya, ya gane. Na ce tamam, na rufe ƙofa.

Na gwada Mai Tukunya. Na gwada Mai Kura, Bamisiriya ta leƙo ta ba ni Alhajina, ta rufe taga da ƙarfi. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai na gangara zuwa waɗanda na san ba sa kawo kowa.

Na huɗu Mai Agogo. Da can yana da ƙarfi, amma rikoda ta taɓa tauna shi, na yanke inda ya lalace na liƙe da salatif. Saboda haka a tsakiyar wata waƙa, mawaƙin yana cikin ihu sai ya ɗauke ɗif, kamar an shaƙe shi, sannan ya dawo a wani wuri daban. Da nakan yi dariya a wurin. Wannan karon a cikin ɗan shirun nan na kasa kunne ko zan ji sanda a matakala. Na mayar da shi baya na sake, na sake.

Na biyar Mai Sarƙa. A nan suka canja mawaƙi, sabon ta hanci yake yi, kamar mai tallan kayan gwangwan da mura ta kama. Ba shi da wata falala. Na sa shi ne don a ce an bi layi.

Na shida Mai Taro, shi a gaban jama'a aka ɗauka. Dubban mutane suna tafi suna amsawa. A ma'aunina ya faɗi warwas, domin a Alƙahira duk wanda ya ji ihun taro daga ɗakin wani sai ya ɗauka ƙwallo ake kallo, ba mai ɗaga kai. Amma tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, shi na fi sawa a ɓoye, da ƙaramar murya, lokacin cin abinci. Akwai inda mawaƙin yake yi wa taron tambaya, su duka su amsa da baki ɗaya. Ban san me yake tambaya ba, amma ni ma nakan amsa. Illarsa ɗaya ce, wadda ta sa ba zai taɓa hawa sama ba: in ya ƙare ya yi ƙas, duk mutanen nan a tare suke fita, su bar maka ɗakin ya fi da girma.

Mako ya zagayo, har ya ɗora. Na leƙa ta baranda ban ga shanyarsu ba, amma ana ɗan yayyafi a kwanakin, ba mai shanya. Na ce shi ke nan, takardu sun fito. Ya tafi bai hawo ya zage ni na ban kwana ba. Na kama kaina ina dafa shayin mutum biyu duk da haka, na'ana'ata har ta fara zama rawaya saboda sukari.

Saura na bakwai, Mai Fure, na ƙarshe a hagu, wanda ƙura ta fi hawa. Fure ne ya bushe a cikin kwalba. A nan sun tsufa. Sun ajiye maƙera, sun ɗauko jitar katako, mawaƙin yana yi a hankali kamar mai neman gafara. Sau ɗaya na taɓa jinsa na yanke masa hukunci: kiɗan ƙarfen da bai tashi maƙwabci ba, me ya yi a duniya? Kuma ina jin haushinsa don wani dalili. Ina zaton da matata ta ji shi, da shi kam ta bari a kunna.

Na sa shi bayan la'asar, na zauna a ƙasa na jingina da sifika. Ɗakin ya yi tsit ta yadda bai taɓa yi ba in rikoda tana aiki. Ina jin tuk-tuk, a-daidaita-sahun garin, a titi, ina jin tantabarun wani a kan rufi. Sai na ji tari daga ƙarƙashina. Tari uku a jere da ɗan nishi a ƙarshe. Ko a kasuwa na ji tarin nan na san mai shi.

Abin da ya fara zuwa mini ban san sunansa ba, sai da na dafa tayil da hannu biyu. Abin da ya biyo baya kuwa na san shi sarai, fushi ne. Ashe yana nan. Yana kwance yana jin Mai Ungulu, yana jin Mai Tukunya, har na zauna a kan sifika kamar kaza a kan ƙwai, ya ƙi motsi. Bawa ya yi tawaye. Na sa hula, na sa babbar riga don a san ubangida ne ya zo, na sauka. Ban ma tsaya na lura cewa sauka nake yi ba sai da na ga hannuna yana buga ƙofarsu.

'Yarsa ce ta buɗe, mace mai kamala, da garin asida a hannu. Ta dube ni ta ce, “Baba na sama?” Ta juya ciki ta ɗaga murya tana kiran mahaifinta, “Yaba, ga shi ya zo!” Yadda ta faɗa, kamar an daɗe ana musu a gidan a kan ko zan zo.

Kafin ta kai ni ɗakin ta gaya mini a hankali. Ranar da ya baro wurina na ƙarshe, gwiwar ta ƙi ɗaukarsa a matakala, ya faɗi. Mai gadi da mijinta ne suka ɗauko shi. Likita ya ce kada ya taka sai an ga hali. Ta so ta hawo ta sanar da ni, ya hana. Ya ce a bar Bakanon nan, a ga iya hankalinsa.

Yana kwance a kan gado, ƙafar a naɗe an ɗora ta a kan matashi, ya rame. Daidai kansa fankar rufi ce. A kan bargonsa na ga ɗan farin gari, na ɗaga ido na ga inda fenti ya ɓare a rufin. Daga nan ƙasa ana jin Mai Fure yana ta neman gafara a ɗakina, don ban kashe ba.

Na tsaya a bakin gado da babbar rigata. Na san abin da ya kamata in ce, amma bakina ya bi hanyar da ya saba.

“Bazazzagi, kai wane irin bawa ne? Na kira ka da na ɗaya, na kira ka da na biyu, har na bakwai na kai. Ka san ban taɓa kai wa kowa na bakwai ba?”

“Na ji su duka. Ina zan gudu?”

“To tunda ka ji su a natse, yanzu ka zama malami. Faɗi gaskiya, jerin nawa bai yi daidai ba?”

“Zauna, kana tare mini iska.”

Na zauna a kujerar da ke gefensa. Akwai matashi a kanta, da kofi a kife a kan faranti, kamar an ajiye wa wani. 'Yar ta shigo da jabana, ƙamshin citta ya cika ɗakin. Na kurɓa na ce ya yi ɗaci. Na miƙa a ƙara.

Na ce, “Ai da ka aiko. Mutum yana sama shi kaɗai, bai san ko kun tafi ba, bai san ko ka mutu ba. Ni da ba don binciken da na yi ba, da wa zai san yadda ake taso ka? Sai da na gano wanda yake bin ƙasa, na gano wanda yake fita ta taga...”

Ya ɗago hannu ya tsayar da ni. Ya gyara kwanciya yana cije leɓe, ya dube ni ta saman tabarau.

“Kai duk zatonka ungulu ce take hawo da ni? Auduga biyu ta fi ƙarfin Turawanka, ga ta nan a ƙarƙashin matashi. In na ji ƙarar nan, cewa nake tsohon banzan nan yana kira, kunya ta hana shi ya ce zo.”

Na buɗe baki zan kawo hujja.

Ya ce, “Tsaya, malamin kaset, tambaya ɗaya ka amsa mini. Matakalar nan da na ƙarar da gwiwata a kanta, wa ya ce maka hawa kawai take yi, ba ta saukowa?”